Takadda, Birnin Jan Ƙarfe: Ziyarar Kufai Da Labarin Gidajen Da Suka Rayu A Cikinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Idan aka ɗauko tarihin ƙasashenmu na zamanin da littattafan lakwal ke kira ƙarnonin tsakiya, sunayen sarakuna ne ke fara zuwa baki: Kankan Musa da hajjinsa na shekarar 1324, Askiya Muhammadu na Gawo, Muhammadu Rumfa na Kano. Yaranmu na haddace shekarunsu saboda jarrabawa. Ba kasafai ake tambayar abin da uwargida take ɗorawa a murhu a wancan lokaci ba, ko da wane kuɗi maigida yake cefane, ko wane irin ruwa yara suke sha, ko wa yake gadon wa idan an yi rasuwa. Akwai wuri guda a arewacin Nijar da za a iya samun amsar waɗannan tambayoyi, domin wani baƙo mai lura ya sauka a can a shekarar 1353 ya bar bayaninsa, ita kuma ƙasa ta adana ragowar abin da ya gani. Baƙon shi ne Ibn Batuta, mutumin Tanja ta ƙasar Maroko. Garin kuwa shi ne Takadda, wanda mafi yawan masu bincike suka daidaita a kan cewa shi ne kufan Azelik, yamma maso arewa da Agadas. Can muka nufa, kuma abin da muka gani da abin da muka karanta shi muke so mu kawo muku.

Daga Agadas zuwa Ingal

Mun kwana a Agadas, kusa da babban masallaci mai doguwar hasumiyar ƙasa, wadda tsayinta ya kai mita 27. An fara gina ta wajen shekarar 1515, aka sabunta ta a 1844, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Duk da tsufanta, Agadas ƙanwa ce ga garin da muke nema. Sarautar Asbin ta kafu a farkon ƙarni na 15, lokacin da Takadda ta daɗe da yin suna har Masar.

Bayan sallar asuba muka kama hanya a kat-kat, mu huɗu da direba ɗan ƙasar wanda ya san kowane kwari. Farkon hunturu ne. Ba a shiga wannan yanki da mota cikin damina, saboda filin Irhazar laka ce tsantsa, idan ta sha ruwa ko raƙumi sai ya yi dabara. Tsakanin Agadas da Ingal kimanin kilomita 120 ne. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ja-ja, sai ƴan bishiyoyin ƙaya nan da can. A cikin watan Satumba nan ne Buzaye da Fulani ke haɗuwa da dabbobinsu don su lashi gishirin ƙasa su sha ruwan kanwa, amma da muka wuce taron ya watse, sai sawun dabbobi da ya bushe a cikin laka.

Ingal ƙaramin gari ne na gidajen ƙasa, lungunansa matsattsu, ga gonakin dabino jere a bakin ƙorama. Akwai irin dabinon da suke kira almadina, wanda mutanen garin ke cewa sharifai ne suka kawo irinsa daga birnin Manzo. A kasuwa da Hausa muka yi ciniki, amma idan mutanen garin suka juya ga junansu sai mu ji wani harshe dabam. Sunansa Tasawak, asalinsa daga dangin harshen Sanwai yake, ya cuɗanya da Buzanci. Su masu harshen ana kiransu Isawaghan, kuma sun ce kakanninsu daga Azelik suka fito. Ita ma Agadas tana da irin wannan harshe a da, har Bature Barth ya rubuta kalmominsa da ya zo garin a 1850, amma yau ya ɓace, Hausa ta maye gurbinsa. A Ingal iyaye mata ba su daina yi wa jariransu magana da Tasawak ba, shi ya sa yake raye.

Garin gishiri

Daga Ingal muka yi arewa, babu kwalta, sai bin sawun motocin da suka riga mu. Bayan tafiyar kimanin kilomita 80 muka hango wasu tsibin ƙasa kamar ƙananan duwatsu. Wannan ita ce Tegidda-n-Tesemt, wato Tegiddar gishiri. Kalmar tegidda a Buzanci tana nufin kwarin da ruwa ke taruwa, kuma akwai wurare fiye da ɗaya a yankin masu wannan suna. Daga ita ne Larabawa suka samo sunan Takadda.

Tsibin da muka hango ƙasa ce da aka wanke aka zubar shekara da shekaru. A tsakiyarsu akwai ɗaruruwan ƙananan ramuka zagayayyu, kowanne da launinsa, wani ja, wani ɗorawa, wani fari-fari, gwargwadon yadda ruwansa ya ƙafe. Aikin na iyali ne. Ana kwaso ƙasa mai gishiri a zuba a babban rami, a jawo ruwan zartsi daga rijiya a kwaɓa, a bari laka ta kwanta, sannan a tace ruwan zuwa ƙananan ramukan, rana ta ƙarasa sauran. Maza ne suka fi yin jan ruwa, mata kuma su ke kwasar gishirin su cura shi su shanya. Gishiri ne ja, an fi saye don dabbobi, kuma kudu ake kai shi, ƙasar Hausa, a dawo da hatsi.

Mun tarar da wata dattijuwa tana cura gishiri, jikanyarta na miƙo mata. Muka ce, "Inna, sannu da aiki." Ta ce, "Yawwa ƴaƴana, sannunku da hanya. Kun sha ruwa kuwa?" Ba mu gane nauyin tambayar ba sai da direba ya gaya mana cewa ruwan garin duk na zartsi ne, na sha daga nesa ake kawo shi. Mai ba ka ruwa a nan ya ba ka abu mafi tsada a gidansa. Ta ce ramukan da take aiki a ciki na kakarta ne, kuma wannan yarinya za ta bar wa. Mun riƙe wannan magana, domin za ta yi mana amfani idan mun zo batun gado.

A kufan Azelik

Azelik ba ta da nisa da nan. Sunan kufan a bakin mutanen yankin shi ne Azelik wan Birni, kuma duk mai jin Hausa ya san kalmar ƙarshe. Wanda ya zo yana tsammanin ganuwa da soraye zai koma da takaici. Fili ne mai faɗi, an watsa duwatsu a kansa. Sai mutum ya rage tafiya ya sunkuya sannan idonsa yake buɗewa: ga jerin duwatsu da ke nuna tushen bango, ga kusurwar ɗaki, ga fasassun tukwane ba iyaka, ga duwatsun niƙa da suka lotsa saboda aiki, ga maƙabartu a gefe. Akwai inda tushen ginin ya fuskanci gabas da ɗan lungu a tsakiyar bangon, ba sai an gaya wa ɗan liman cewa masallaci ne ba.

A shekarun 1970 masu bincike biyu daga Faransa, Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer, sun yi aiki a wannan wuri. Sun samu ƙananan kaskon narka ƙarfe, da kashin maƙera, da gutsattsarin jan ƙarfe. Sun nuna cewa jan ƙarfen yankin ƙwaya-ƙwaya yake a cikin dutse, sai an farfasa dutsen an niƙa, an tsince ƙwayoyin, sannan a narka. Ke nan wasu daga cikin duwatsun niƙan da muka gani ba hatsi suka niƙa ba, dutse suka niƙa.

Wannan ya yi daidai da abin da Ibn Batuta ya faɗa a cikin Rihla, littafin tafiye-tafiyensa da ya shifta wa Ibn Juzayyi aka kammala a 1355. Ya zo Takadda daga Gawo tare da ayarin fataken Gadamas. Ya ce da jan dutse aka gina gidajen garin, ma'adinin kuma yana bayan gari. Ana haƙowa a kawo cikin gari, a narka a cikin gidaje, bayi maza da mata ke aikin. Saboda haka gidan Takadda maƙera ne kuma wurin kwana. Yaron da ya tashi a cikinsa da ƙarar dutsen niƙa yake farkawa, da hayaƙin zuga-zugi yake wuni.

Kuɗin cefane

Idan jan ƙarfen ya narke, sai a zuba shi sanduna, tsawon kowace taƙi ɗaya da rabi, wasu masu kauri wasu sirara. Su ne kuɗin garin. Masu kauri 400 ake bayarwa a kan miskali ɗaya na zinariya, sirara kuwa 600 ko 700. Miskali ya ɗan haura giram 4. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne kowane iri da abin da ake saye da shi. Da sirara ake sayen nama da itacen girki, wato cefanen yau da kullum. Da masu kauri ake sayen hatsi da man shanu da alkama da bayi, wato manyan sayayya da ake yi jefi-jefi. Uwargida a Takadda ta san bambancin da uwargidan yau ta sani tsakanin ƴan canjin da ke ɗaure a bakin zane da jikkunan da ke cikin akwati.

Ibn Batuta ya kawo har farashi. Hatsi mudu 90 ne a miskali ɗaya, alkama kuwa mudu 20, ya kuma ce mudunsu sulusin mudun ƙasarsu ne. Idan muka yi lissafi, mudun hatsi ya kama sanda mai kauri 4 da ɗan ƙari, mudun alkama ya kama sanda 20. Alkama ta ninka hatsi tsada sau 4 da rabi, shi ya sa ya ce fatake da baƙi ne ke cin ta. Talakan gari da bayinsa hatsi suke ci, kamar yadda muke ci har yau.

A kan hanyarsa ta zuwa ya ratsa ƙasar wasu makiyaya da ya kira Bardama. Ya ce abincin matansu nonon shanu ne da dakakken hatsi da ake damawa da ruwa ba tare da an dafa ba, suna sha safe da yamma. Duk wadda ta taɓa daka gumba ta san abin da yake nufi. Abin da iyayenmu mata ke ba mai jego da baƙon da ya sha rana, shi wannan matafiyi ya gani fiye da shekara 670 da suka wuce.

Mutanen Takadda, in ji shi, ba su da sana'ar da ta wuce fatauci. Kowace shekara suna zuwa Masar su sayo tufafi masu kyau da sauran kaya. Jan ƙarfensu ana kai shi Borno, tafiyar kwana 40, ana kuma kai shi wata ƙasa da ya rubuta Kubar, wadda masana suka ɗauka Gobir ce. Su kansu Gobirawa tarihinsu ya nuna sun zauna a Asbin kafin su gangaro kudu. Mu tsaya mu duba abin da wannan fatauci yake nufi ga gida. Mai zuwa Masar a raƙumi watanni yake yi bai dawo ba. Shi kansa Ibn Batuta da zai koma arewa guzurin kwana 70 ya ɗauka, saboda babu hatsi tsakanin Takadda da Tuwat. A duk waɗannan watanni mace ce ke riƙe da rumbu, ita ke lura da narkar ƙarfe, ita ke tura yara makaranta, ba ta kuma san ko mijin zai dawo ba. Matan da mazansu ke ci-rani a Libiya ko Aljeriya ko Abijan a yau sun san wannan zama, sai dai su suna da wayar salula.

Ruwa, kunama da yara

Wadatar garin ba ta hana shi wahala ba. Ibn Batuta ya ce ruwan Takadda yana bi ta kan ma'adinin jan ƙarfe, launinsa da ɗanɗanonsa suna sauyawa. Da shi ake girki, shi jarirai ke sha. Ya kuma ce garin na da kunamu masu yawa, waɗanda harbinsu ke kashe yaron da bai balaga ba, amma ba safai yake kashe babba ba. Ya ga haka da idonsa. Yana zaune a makwabtakar Shehu Sa'idu ɗan Ali, shugaban mutanen Magrib mazauna garin, sai wata safiya kunama ta harbi ɗan shehun, yaron ya rasu nan take, aka yi jana'iza da shi baƙon a cikin sahu.

Da muka tsaya a maƙabartar Azelik muka yi wa mamata addu'a, wannan yaro ne ya zo mana a rai. Uban babban mutum ne, mai dukiya da faɗa a ji, amma abin da ya ɗauke ɗansa bai kai tsawon yatsa ba. Har yanzu kunama na kashe yara a Agadas da kewayenta a lokacin zafi. Bambancin zamaninmu da nasu shi ne akwai asibiti da magani. Uban da ya tsaya jiƙe-jiƙe har yaro ya fara kumfar baki kafin ya nufi likita ya mayar da kansa shekarar 1353 da hannunsa.

Waɗanda ba a rubuta sunayensu ba

Akwai ɓangaren wannan tarihi da ba shi da daɗin faɗa, amma ɓoye shi ha'inci ne. Jin daɗin gidajen Takadda a kan wuyan bayi yake. Ibn Batuta ya ce masu gari suna alfahari da yawan bayinsu. Shi da kansa ya nemi sayen baiwa mai ilmi, ya ce irin waɗannan ba a cika sayar da su ba, in ma za a sayar sai da tsada. Alƙalin garin, Abu Ibrahim Ishaƙa, ya samo masa wata a wurin abokinsa, ya biya miskali 25. A garin nan ya sayi raƙuma 2 a kan miskali 37 da sulusi, ke nan kuɗinta ya fi na raƙumi ɗaya bai kai na biyu ba. Daga baya ubangidanta ya yi nadama ya roƙi a warware ciniki. Aka nuna masa wata ta wani mutum dabam, ya saya, shi ma wannan ya dawo yana roƙo kamar zai zauce, har aka mayar masa.

Labarin ya nuna cewa waɗannan mata sun zama ginshiƙan gidajen da suke ciki, har masu gida ba su iya rabuwa da su. Amma ba wanda ya tambaye su ra'ayinsu, ba wanda ya rubuta sunansu ko garin da aka rabo su da shi. Ranar Alhamis 11 ga Sha'aban 754, daidai da watan Satumba 1353, Ibn Batuta ya bar Takadda cikin ayari mai ɗauke da bayi mata kusan 600 zuwa arewa. Kowace ɗaya a cikinsu ƴar wani gida ce da aka bari da kuka. Malamanmu ba su yi shiru duka ba. A shekarar 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa mai suna Mi'irajus Su'udi, inda ya nuna baƙar fata ba hujjar bauta ba ce, kuma haramun ne a bautar da ƴantattun musulmi irin mutanen Kano da Katsina da Borno. A Nijar sai a 2003 doka ta mayar da bautarwa babban laifi. Ragowar abin yana nan a bakunanmu, duk ranar da aka hana saurayi mai addini da sana'a aure saboda an ce kakansa bawa ne.

Mata da gado

Sarkin yankin a wancan lokaci Ba'abzine ne mai suna Izar, kuma ba a cikin gari yake zaune ba, yana cikin tantinsa tafiyar yini guda daga Takadda. Ibn Batuta ya je gaishe shi ya yi kwana 6. Ya ce tantin uwar sarki da na ƴar uwarsa suna kusa, suka zo da kansu suka yi wa baƙi maraba, kuma uwar sarki ce ke aiko musu da nono bayan isha, lokacin tatsa. Game da Bardama ya ce ayari ba ya ratsa ƙasarsu sai da kariyarsu, kuma kariyar mace ta fi ta namiji ƙarfi. Har yau a wurin Buzaye tanti na mace ne, da shi take zuwa gidan aure, da shi take tafiya idan aure ya mutu.

Shekara guda kafin haka, a Walata ta ƙasar Muritaniya ta yau, ya ga abin da ya ba shi mamaki a wurin ƙabilar Masufa: mutum ana danganta shi ga kawunsa, kuma ƴaƴan ƴar uwarsa ne ke gadonsa, nasa ƴaƴan ba su samun komai. Ya shaida cewa mutane ne masu kiyaye salla da karatun fiƙihu da haddar Alƙur'ani. Akwai Masufa a Takadda ma, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi baƙuncinsa Bamasufe ne. Wannan al'ada ta daɗe tana karo da hukuncin shari'a. Fiye da shekara 140 bayan haka, tana cikin matsalolin da Askiya Muhammadu ya tambayi Shehu Magili a kansu, shehun ya ce a koma ga rabon da Allah Ya yi.

Yadda mutanen Asbin suka warware abin yana da darasi. Sun karɓi rabon gado na shari'a, sannan suka nemi hanyar da ƴaƴansu mata ba za su tagayyara ba. Sai mutum tun yana raye ya keɓe wasu dabbobi ko bishiyoyin dabino ya yi hubusi da su ga matan zuriyarsa, ba a sayarwa, ba a rabawa, sai dai a ci amfaninsu. Suna kiran wannan dukiya akh iddaran, ma'ana nono mai rai. Ramukan gishirin da dattijuwar Tegidda ta ce daga kakarta suka zo hannunta sun tuna mana da wannan tsari.

A zauren mahaifinmu, wanda limamin unguwa ne, mun tashi muna ganin akasin haka. Sau da yawa mace ce ke zuwa da mayafinta, ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta ce, "Malam, ƴan uwana sun raba gonar Baba, ni an ce mace ba ta cin ƙasa." Mutanen da aka zarga da fifita dangin uwa sun gyara al'adarsu ba tare da sun zubar da ƴaƴansu mata ba. Mu da muke karanta babin gado a Risala tun muna yara, a wasu gidajenmu rabon da shari'a ta yanka wa ƴa da matar mamaci ma ba ya isa hannunsu.

Allo da tawada

Takadda ba da jan ƙarfe kaɗai ta yi suna ba. Tun a 1353 tana da alƙali da limamin Juma'a da malamin makaranta. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Magili, mutumin Tilimsan, ya sauka a nan ya karantar kafin ya wuce Kano wurin Sarki Rumfa, inda Sharifan birnin ke danganta kansu gare shi har yau. Cikin waɗanda suka zauna gabansa a Takadda akwai Aida Ahmad, wanda Katsinawa suka sani da Ɗan Takum, ya zama alƙalin Katsina ya rasu wajen 1529. Akwai kuma Al-Aƙib, mutumin ƙauyen Anu Samman da ke kusa, wanda ya yi karatu har wurin Imam Suyuɗi a Masar. Bayansu Annajib ɗan Muhammadu Batakadde ya yi sharhi a kan Muhtasar na Halil.  Kowane ɗaya daga cikin malaman nan kuma yaro ne da wata uwa ta wanke wa allo, ta ɗaura masa gumba a ƙyalle.

Yadda birni ya zama kufai

Ruwayar mutanen Ingal ta ce yaƙi da Sarkin Agadas ne ya tarwatsa Azelik, waɗanda suka tsira suka koma ga gishiri da dabino. Masu bincike sun ƙara da cewa jan ƙarfen da ke kusa da saman ƙasa ba shi da yawa, kuma hanyar ayari ta karkata zuwa Agadas. Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463, Abzinawa suka zo Gobir, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa. Arzikin yankin ya tashi daga ƙarfe ya koma gishiri. A farkon shekarun 2010 an buɗe mahaƙar yuraniyom a kusa da Azelik, bayan ƴan shekaru aikin ya tsaya. Masu gishiri kuwa suna nan kan ramukansu.

Mun yi sallar la'asar a kan rairayi, kusa da tushen tsohon masallacin, sannan muka juyo kafin duhu ya rufe sawun hanya.

Abin da muke roƙon masu karatu shi ne abu uku. Na farko, kusan kowane yanki namu yana da kufai: Asode a cikin duwatsun Asbin, Marandat a gindin tsaunin Tigidit inda aka samu dubban kaskon narka ƙarfe, Birnin Lalle a ƙasar Gobir. Maigida ya ɗauki iyalinsa ya kai su wanda ya fi kusa, a hana yara kwasar abin da suka gani a ƙasa, domin amana ce ta masu zuwa. Na biyu, duk gidan da yake da ɗan lakwal ko almajiri mai iya rubutu, da boko ko da ajami, a ba shi littafi ya zauna gaban kakarsa ya rubuta sunayen iyayenta, da garin da suka fito, da abin da suke ci, da nawa ake sayar da tiyar hatsi a shekarar aurenta. Abin da muka sani na gidajen Takadda ƴan shafuka ne da baƙo ɗaya ya bari, kuma ko sunan mace ɗaya babu a ciki. Na uku, wanda yake riƙe da gona ko gida ko dabba da ya san akwai rabon ƴar uwarsa ko matar mahaifinsa a ciki, ya je wurin malamin da ya san lissafin gado tun kafin damina mai zuwa.

Allah Ya jiƙan mutanen Takadda, ƴaƴansu da bayinsu, malamansu da maƙeransu. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci gidajenmu, Ya shirya mana zuriya.